Masar ko Jodan: ina mai hutun kwana takwas zai nufa?

Ƙanena ya same ni bayan sallar isha'i da takarda a hannu, ya jera sunayen wurare kusan ashirin a kanta. Shekara uku ke nan shi da maiɗakinsa suna ajiye ɗan abin da ya samu, ga shi an ba shi hutun kwana takwas a watan Disamba. Ya ce, "Yaya, abu uku nake so. In kwana a hamada, in shiga jirgi a babban kogi, in ga garuruwan mutanen da. Kai da ka taka ƙasashen nan biyu, raba mini gardama: Masar ko Jodan?"

Na karɓi takardar na duba, na ce masa babu wadda za ta ba shi ukun nan cif a kwana takwas. Tsofaffin garuruwa kam kowace tana da waɗanda za su cika ido. Amma Masar kogi gare ta, hamadarta mai kyau na can nesa da hanyar baƙi. Jodan kuwa hamada na bakin ƙofarta, koginta ne ya kusa ƙafewa. Abin da na zayyana masa a daren nan shi zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Mu fara da ruwa, inda maganar ta fi sauƙin yankewa.

Tsakanin Aswan da Luksor, garuruwa biyu a kudancin Masar, akwai tazarar kilomita 200 da 'yan kai, kuma a nan ne ake yin tafiyar jirgin ruwa da ta yi suna a Kogin Nilu. In ka taso daga Aswan kana bin ruwa zuwa arewa, kwana uku ake yi. In daga Luksor ka taso kana hawan ruwa, huɗu. Jirgin shi ne masaukinka, shi ne ɗakin cin abincinka, kai dai ka hau sama ka zauna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne siririn koren da ke bin kogin. Ga dabino, ga rake, ga ayaba, ga yaro yana wanke saniya a bakin ruwa, sannan ka ɗaga ido kaɗan sai ka ga inda shukar ta yanke kamar an ja layi da wuƙa, daga nan sai rairayi da duwatsu. Wani wurin faɗin koren bai kai tafiyar minti goma a ƙafa ba. A nan mutum ke gane dalilin da ya sa kusan kashi 95 cikin 100 na Misrawa suke zaune a jikin wannan ruwa guda. Wanda ya tashi a ƙasar da ake duban sama ana jiran damina zai daɗe yana kallon mutanen da ba su jiran ruwan sama ko kaɗan.

Jirgin yakan tsaya a Kom Ombo, inda aka ajiye busassun gawarwakin kadojin da Misrawan zamanin da suke girmamawa, ya tsaya a Edfu, inda ake hawa keken doki zuwa wani haikali da aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau kuma rufinsa na nan. A Esna akwai ƙofar ruwa da jirage ke bin layi su wuce. Kana jira sai ga 'yan kasuwa a kwalekwale sun kewaye jirgin, suna cilla jallabiya da tawul a cikin leda har saman bene na huɗu. Ka buɗe ka duba, ka taya daga sama, su ce albarka daga ƙasa. In an daidaita ka sa kuɗi a ledar ka cilla musu, in ba a daidaita ba ka mayar da kayansu. Na sayi jallabiya biyu a haka.

Gargaɗi ɗaya ga mai tafiya da iyali: manyan jiragen nan da yawa suna sayar da giya, kuma sukan shirya raye-raye da dare. Ba dole ka halarta ba, amma ka tambaya tun kafin ka biya. Akwai ƙananan jirage masu tafiya da iska da ake kira dahabiyya, ɗakunansu kaɗan ne, sun fi natsuwa, sun kuma fi tsada. Mai ƙaramin aljihu yana iya kwana a otal a Aswan, ya ɗauki faluka, ƙaramin kwalekwale mai tafiya da iska, da yamma ta kewaya da shi tsibiran garin na awa ɗaya ko biyu. Aswan ɗin ma gari ne da Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba. Mutanen Nuba baƙaƙe ne kamarmu, kasuwarsu cike take da buhunan zoɓo, wanda suke kira karkade, ga goruba da suke jiƙawa su sha.

Kogin Jodan fa? Sunansa ya fi shi girma nesa ba kusa ba. An janye mafi yawan ruwansa daga sama don noma da sha, har ya zama a wurin da ake kai baƙi, wato Magtas, inda Kiristoci suka yi imani an yi wa Annabi Isa wankan baftisma, faɗinsa 'yan mitoci ne, ruwan kuma launin ƙasa. Wuri ne mai daraja ga masu ziyarar addini, amma ba kogin shiga jirgi ba ne. Abin da Jodan ke da shi na ruwa iri dabam ne. Akwai Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Bahrul Mayyit, ƙasa da doron teku da mita 430 ko fiye, wuri mafi zurfi a busasshiyar ƙasa duk duniya. Gishirinsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko ba ka iya iyo ba sai ya tallafe ka a sama. Kada ka yi aski a ranar, kada kuma ɗigo ya shiga idonka. Kusa da shi akwai Wadi Mujib, kwazazzabo mai tsayin bango inda ake sa rigar hana nutsewa a shiga cikin ruwa ana hawa da igiya har zuwa inda yake zubowa daga sama. Wannan shi ne wasan ruwa mafi daɗi a ƙasar, sai dai daga Afrilu zuwa Oktoba ake buɗe shi, kuma sai wanda ya kai shekara 18. A Disamba a rufe yake saboda ambaliya.

To, in kogi ne a gaban zuciyarka, kada ka wahalar da kanka da lissafi. Masar.

Hamada kuma sai a juya maganar. Wadi Ram, a kudancin Jodan, fili ne da aka keɓe mai faɗin sama da murabba'in kilomita 700, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2011. Wanda ya san saharar Agadez ko tudun yashin Yusufari kada ya zata irinsu zai gani. Nan jan rairayi ne shimfiɗe, duwatsu manya-manya sun tsaya a cikinsa tsaye kyam kamar ganuwa, wasu sun haura mita 1,700 daga doron teku. Dutse mafi tsawo a ƙasar, Ummud Dami, mai mita 1,854, yana can ƙarshen kudu kusa da iyakar Saudiyya. Larabawan ƙauye mazauna wurin su ke riƙe da harkar baƙi. Za su ɗora ka a bayan a-kori-kura da aka shimfiɗa wa katifa, su kai ka tsagin Kazali ka ga zanen tafin ƙafa da rubutun da aka sassaƙa a dutse tun kafin Musulunci, su kai ka gadojin dutse da iska ta fafe, ka hau in kana da zuciya.

Daren ne dalilin zuwa. Bayan magariba aka kira mu bayan tanti, wani saurayi ya sa shebur ya ture yashi, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya zaro wani kwando mai hawa uku daga rami: nama a sama, kaza a tsakiya, dankali da albasa a ƙasa suna shan romon da ke ɗiga. Zarb suke kiransa, tun la'asar yake binne a kan garwashi. Muka ci, aka zagayo da shayi mai ganyen maramiyya. Daga nan na ɗauki bargo na yi nisa da fitilun zangon kamar taku ɗari biyu na zauna. Babu kukan kare, babu janareta, babu ko ƙwaro. Shirun har kunne yake cikawa. Taurari kuwa tun ina yaro a ƙauye, kafin a kawo wuta, rabon da in gan su haka. Da asuba na yi alwala da ruwan da ya kusa daskarewa, na yi salla a kan yashi mai sanyin ƙarfe, rana ta fito ta mayar da duwatsun ja wur.

Abin da ya ƙara wa Wadi Ram daraja shi ne kusancinsa. Daga Petra, tsohon garin da aka sassaƙa a dutse, awa biyu ne ko ƙasa da haka a mota, daga Aƙaba ta bakin teku awa ɗaya. Ba ka ɓata rana don ka kai gare shi.

Masar ma tana da hamadar da ba ta da na biyu, Farar Hamada, wadda aka keɓe a 2002 kusa da dausayin Farafra. Ƙasar alli ce fara fat, iska ta sassaƙa duwatsun suka zama kamar laimar kwaɗi, wani kamar kaza, wani kamar kan raƙumi, in wata ya haska sai ka rantse ƙanƙara ce ta zuba. Yanyawa takan zo bakin wuta da dare neman saura. Amma daga Alƙahira sai ka yi kilomita 370 zuwa dausayin Bahariyya, awa huɗu zuwa biyar, sannan ka sauya zuwa motar daji da ɗan jagora mai izini ku ƙara gaba. Kwana biyu cur take ci, kuma tana yamma, ba a kan hanyar Luksor ba. Zangonta shimfiɗa ce da ɗan tanti, babu banɗaki ginanne irin na Wadi Ram. Ga matasa uku abokai wannan shi ne daɗin. Ga mutum da matarsa a tafiyar farko, abin a yi shawara ne. Mafi kusa ita ce Wadil Hitan a yankin Fayyum, kilomita 150 daga Alƙahira, inda ƙasusuwan manyan dabbobin teku na shekara miliyan 40 ke kwance a kan yashi, shaidar cewa wurin teku ne a da. Ana zuwa a dawo a yini guda.

Sai garuruwan mutanen da, kuma a nan ne nake cewa mutum ya tambayi gwiwarsa kafin ya tambayi aljihunsa.

Petra ana cin ta da ƙafa. Daga ƙofar shiga za ka gangara zuwa bakin Siƙ, tsagin dutse mai tsawon kilomita 1.2, bangonsa ya kai mita 80 a wasu wurare, faɗinsa ya matse har mita 3. Kana tafe ka dubi gefen bango daidai ƙugunka: akwai magudanar ruwa da aka fafe a dutsen tana bin hanyar tun daga farko har ƙarshe. Nabaɗawa, Larabawan da suka gina garin, fatake ne masu ayarin lubban da mur, kuma da wannan dabara ta tara ruwa suka raya babban birni a inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Rumawa suka haɗe masarautar a shekara ta 106 bayan haihuwar Annabi Isa. Sai tsagin ya buɗe kwatsam, Kazna ta bayyana, fuskar gini mai tsayin kusan mita 40 da aka sassaƙa daga jikin dutse guda, ba a ɗora tubali ko ɗaya ba. Mutane da yawa daga nan suke ɗaukar hoto su juya, alhali garin bai ma fara ba. Gaba akwai kaburburan sarakuna, da dandalin kallo, da titi mai ginshiƙai, sannan matakala wajen 800 zuwa Dair, wanda ya fi Kazna girma. Kafin ka koma masauki ka taka kilomita goma sha wani abu. Akwai jakuna da raƙuma na haya, akwai ƙananan motocin lantarki zuwa Kazna, amma wanda ba ya iya doguwar tafiya rabin Petra zai gani.

Bari in gyara wani kuskure da nake yawan ji. Petra ba ita ce Mada'in Salihu ba. Hijir, wurin da ake dangantawa da Samudawa mutanen Annabi Salihu, yana Saudiyya kusa da Al'ula. Kamannin da ake gani a hoto ya zo ne daga cewa Nabaɗawan nan sun sassaƙa kaburbura iri ɗaya a can ma.

Luksor kuwa da ido ake cin ta, mota na sauke ka a bakin kowane wuri. Yawa da tsufa su ne ƙarfinta. Lokacin da ake sassaƙa Kazna, ginshiƙan haikalin Karnak sun haura shekara dubu a tsaye. Guda 134 ne a zaure ɗaya, manyan sun kai mita 21, mutum shida ba su zagaye ɗaya da hannu ba sai da ƙyar. A Kwarin Sarakuna, inda aka tono kabarin Tutankamun a 1922, akwai kaburbura sama da 60. Tikiti ɗaya uku yake ba ka, na Tutankamun daban ake saya. Za ka gangara cikin dutse ka tarar da fenti shuɗi da rawaya a rufi kamar jiya aka shafa. A tsakiyar haikalin Luksor kuma akwai masallacin Abul Hajjaj, an gina shi a kan bangon fir'aunoni, har yau ana salla a ciki. Na tsaya a farfajiyar ana kiran magariba daga samansa, gumakan sarakunan da suka yi da'awar allantaka suna jere a ƙasa ba hanci ba hannu. Ayoyin da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata ba su taɓa shiga jikina kamar ranar ba.

Ƙara da dalar Giza, da Abu Simbel mai gumaka huɗu na mita 20, wanda aka yanka gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968 aka ɗaga shi mita 65 don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi, da gawarwakin sarakuna 22 da aka mayar gidan tarihi na Fusɗaɗ a 2021. Mutanenmu sukan je neman gawar Fir'aunan Annabi Musa. Ramsis na biyu ake yawan nunawa, amma masana ba su haɗu a kan cewa shi ne ba.

Ta fuskar tarihin Musulunci kowace da abin da take taƙama da shi. Alƙahira na da masallacin Amru ɗan Asi, da Azhar da ta haura shekara dubu, da kabarin Imamu Shafi'i, kuma hanyarmu ce tun da: alhazan ƙasar Hausa da Barno ta nan suke ratsawa, Imamu Suyuɗi ma ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadez wasiƙa. Jodan ƙasar sahabbai ce. Kusa da Karak filin yaƙin Mu'uta yake, na shekara ta 8 bayan hijira, da kaburburan Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah ya ƙara musu yarda. A kwarin Jodan akwai na Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. A gefen Amman akwai kogon da mutanen ƙasar ke cewa na As'habul Kahfi ne, ko da yake wasu ƙasashe ma suna da nasu kogon da suke faɗin haka. Duk waɗannan a kan hanyarka suke, ba sai ka ware musu rana ba.

Wannan shi ne babban abin da Jodan ta fi Masar: ƙarama ce. Amman zuwa Petra awa uku. Da mota ɗaya da direba ɗaya, kwana takwas sun ishe ka ka ga Jarash, tsohon garin zamanin Rumawa, Tekun Gishiri, Mu'uta, Petra kwana biyu, Wadi Ram, ka dawo ba ka gaji da hanya ba. A Masar, Alƙahira zuwa Luksor kaɗai ya haura kilomita 600, sai jirgin sama na awa ɗaya ko jirgin ƙasa na kwana. Abu Simbel sai ka tashi ƙarfe huɗu na asuba daga Aswan, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa.

Kuɗi kuma Masar ta fi rangwame, ba kaɗan ba. Dinarin Jodan ya fi dalar Amurka ƙarfi, dinari ɗaya wajen dala 1.4, kuma shiga Petra na yini ɗaya dinari 50 na biya. Abinci da mota da masauki duk haka suke. A Masar kwanon koshari ko ful da burodi zai ƙosar da kai da kuɗi kaɗan. Sai dai abin da ka rage a aljihu za ka biya da haƙuri. Masu neman na goro, wanda suke kira bakshish, da masu tallan raƙumi da keken doki ba sa gajiya. Wani mai keken doki mun yi ciniki da shi mun gama, da muka isa ya ce ai kuɗin na mutum ɗaya ne, kuma na zuwa ne banda dawowa. Tun daga ranar nake rubuta adadin a waya in nuna, in ce na mu duka, zuwa da dawowa. A Jodan irin wannan sai a cikin Petra, ita ma da sauƙi. Ka kuma tafi da katin banki mai aiki a waje, don manyan wuraren tarihi na Masar da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti.

Zuwa Alƙahira akwai jirgi kai tsaye daga Kano. Amman sai ka ya da zango a wani gari. Ko wace ka zaɓa, mai fasfon Najeriya ko Nijar ya gama maganar biza tun daga gida kafin ya sayi tikiti, ya kuma saurari labarai, musamman na Jodan da ke tsakiyar maƙwabta masu rikici; a 2024 an taɓa rufe sararin samaniyarta na ɗan lokaci.

Abin da ya yanke hukunci a wurin ƙanena shi ne watan da aka ba shi. A Disamba Luksor da Aswan suna cikin mafi daɗin yanayinsu, rana wajen digiri 23 zuwa 25, dare da ɗan sanyi kamar farkon hunturunmu, sai dai cunkoson baƙi da tashin farashi wajen ƙarshen wata. Jodan a lokacin sanyi ne na gaske. Amman da Petra a kan tudu suke, ana ruwa, wata shekarar har dusar ƙanƙara, dare a Wadi Ram yakan sauka kusa da sifiri, rana na faɗuwa da wuri, Wadi Mujib a rufe. Jaurar Kano ba ta shirya mutum wa wannan ba. Da hutunsa a Afrilu ne ko Oktoba, da Jodan zan tura shi ba tare da na yi dogon tunani ba, tunda kwanan hamada ya fara ambata, kuma ƙafarsa da ta matarsa da sauran ƙarfi. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa kudancin Masar yakan haura digiri 40, ba na ba kowa shawararsa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, hamadar fa?" Na ce ya ɗauki jirgin ruwan daga Aswan, ba daga Luksor ba, kwana uku maimakon huɗu. Kwana biyu a Alƙahira, ya tashi zuwa Aswan, ya ga Abu Simbel, ya gangaro da ruwa, ya yi yini a Luksor, ranar da ya tsira da ita ya kai ta Fayyum ya ga Wadil Hitan. In kuma kwanan waje ya zame masa dole, ya bar Abu Simbel, ya rage Alƙahira zuwa yini ɗaya, ya ba Farar Hamada kwana biyu, amma ya fara tambayar maiɗakinsa ko ta yarda da kwanan shimfiɗa a sanyin Disamba. Ya ciro biro ya soke sunaye goma sha ɗaya daga takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce da safe zai je a duba masa kwanakin da suka rage wa fasfonsa.